Daga ƙasar Ringim zuwa Kwari, ni da Baffa

Ranar Talatar da ta wuce muka shiga Kano ni da Baffa, yayan mahaifinmu, siyayyar kayan bikin ƙanwata a Kwari, babbar kasuwar tufafi, kuma tun da muka dawo abin da na gani yake ta cina a rai shi yasa nace bari dai in zauna in rubuta ko zan samu sauƙi. Garinmu ɗan ƙauye ne a ƙasar Ringim, daga bakin kwalta sai ka hau mashin ka ɗan nutsa ciki. Ni malamin makaranta ne, labarin ƙasa nake koyarwa a sakandaren je-ka-ka-dawo, kullum ina zana wa yara taswira a allo, amma ranar nan da ƙafata da gumin jikina na karanta ta.

Muna idar da sallar asuba muka fito, hazo ya ɗan sauko, Baffa ya naɗe kansa da rawani har kunne ga sandarsa a hannu. A tasha muka tarar da Sharon saura mutum uku, ɗan kamasho na ta kiran Kano Kano Yankaba, an cika bayanta da buhunan riɗi da zoɓo har but ɗin baya rufuwa sai da aka ɗaure da igiya. Cikin motar akwai wani bawan Allah da matarsa ba lafiya zai kaita asibiti, akwai wata dattijuwa da kaji a kwando, akwai samari biyu masu zuwa Farm Centre gyaran waya. Na kalle mu nace a raina, duk cikinmu babu wanda zai kwana a Kano, amma kowa da abin da zai kai mata ko zai karɓo.

Daga Ringim har Gezawa tafiya take kamar ruwa, gonaki an girbe, karan dawa a tsaye an yi buka-buka, shanu na kiwo. Can wani wuri da titin jirgin ƙasa ya matso kusa da hanya sai Baffa ya taɓa ni da gwiwar hannu yace, "Kaga wannan dogon? Shi ne hanyarmu ta Kano da." Nace, "Baffa kun hau shi sosai kenan?" Yace, "Yaro, sau nawa kuma. Jirgin Nguru kenan. Ka shiga a Ringim da buhunka da akuyarka, ya sauke ka a tsakiyar gari, ka taka da ƙafa ka shiga Kwari ko Fagge, babu wanda zai ce maka sauka nan ka sake hawa wata." Wannan layin tun wajen 1930 turawa suka shimfiɗa shi, bayan jirgi ya fara isowa Kano a 1911, kuma saboda gyaɗa da fata suka yi shi ba don son mu ba, amma dai talaka ya mora. Ni kam na daɗe rabon da in ga jirgi ya gifta ta wajenmu, ciyawa da yashi sun fara cin ƙarfen a wasu wuraren.

Muna wuce Jogana labari ya fara canzawa. Inda na sani gonakin gero ne lokacin ina ɗalibi yanzu duk an kafa turaku, an zuba bulo, ga ginin da aka kai linta aka bari, ga wanda aka rufa rabi mutane har sun tare. Direba yace ai duk nan awon igiya ne. Wanda bai sani ba, awon igiya shi ne dillali ya sayi gona a hannun magada, ya ɗauko igiya ya yayyanka ta filoti-filoti yadda zai fi samun riba, ya bar ɗan lungun da ko kurkura da ƙyar zata shige, babu filin makaranta babu na asibiti babu inda ruwa zai bi, in an yi sa'a a bar na masallaci. Ba na ganin laifin mai saye, mutum ne haya ta ishe shi a cikin gari yana neman inda zai sa haƙarƙarinsa, kuma manomin da ya sayar shi ma wataƙila aurar da ƴa zai yi kamar mu. Amma unguwar da aka yanka haka ta yanku kenan har jikoki, ranar da aka ce za a fitar da titi sai an rushe gidan wani an biya diyya an yi kuka. Akwai hukumar tsara birni ta KNUPDA, sai dai garin yana gudu ne da ƙafa huɗu, kafin takarda ta iso bulo ya riga ta.

Kuma duk mutumin da ya tare a wannan sabuwar unguwar, sana'arsa tana ina? Tana Kwari, tana Singa, tana Sabon Gari, tana Wambai. Wato kullum da safe shi ma zai hau wannan titin na Haɗeja da muke kai, ya haɗu da mu ƴan Ringim da ƴan Gumel da ƴan Haɗeja da tirelolin kamfanonin Tokarawa, kowa ya nufi rami ɗaya.

A Yankaba aka sauke mu. Nan kasuwar kayan gwari take, tumatir da attaruhu da albasa, motoci na sauke kwanduna a bakin titi, ƴan dako na gudu, ƙasa duk ta jiƙe da ruwan tumatir. Mutumin nan mai mara lafiya na ga yadda ya rungumo matarsa ya fito da ita daga mota ya zaunar da ita a kan wani dakali cikin rana yana ciniki da ɗan sahu, babu rumfa babu benci, ita kuma ta jingina kai da bango idonta a rufe. Har yanzu hoton nan bai bar idona ba. Mu ma muka samu namu adaidaitan, mutum uku a baya ɗaya a gefen direba, muka kama hanya.

To daga nan ne fa na fara duba agogo. Wallahi lokacin da muka ci daga Yankaba zuwa bakin Kwari ya kusa kamo wanda muka ci daga Ringim zuwa Gezawa. Ba wai titin ne ƙarami ba, a'a, titi ne mai faɗi, amma adaidaita sahu ta cika shi kamar ƙudan zuma, ruwan ɗorawa ko ta ina, wannan ya tsaya ɗaukar fasinja a tsakiyar hanya wancan ya yanko ta hannun da ba nasa ba, ƴan KAROTA masu kula da hanya na ta fama da hannu da usur. Ɗan sahun namu yaro ne mai hankali, yace min, "Malam ai mu ma ba son goslon nan muke ba, man da zan ƙona a tsaye ya fi wanda zan ƙona a tafiya, ga balas ɗin mai mashin yana jirana da yamma." Tun da aka cire tallafin mai a 2023 lissafinsu ya rikice, namu ma haka.

Mutane suna mantawa yadda aka yi aka zo nan. Adaidaita sahu zamanin Malam Shekarau ta shigo, da farko ma don mata aka kawo ta saboda a raba su da hawa acaɓa, sunan ma daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin ya samo asali. Sai a farkon 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni, shikenan duk wanda yake kan mashin mai ƙafa biyu ya koma mai ƙafa uku. Buƙatar mutane ta zirga-zirga bata ragu ba ko kaɗan, abin hawan ne kawai ya canza. Garin da ƙananan hukumomi takwas suka haɗu suka zama cikinsa, Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nasarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, a jihar da tun ƙidayar 2006 ta haura mutum miliyan 9, ace kusan duk jama'arsa a abin da ke ɗaukar mutum huɗu suke yawo. Ina za a samu titin da zai ɗauke wannan?

Mun bi ta ƙarƙashin doguwar gadar saman nan ta titin Murtala Muhammad da ta ratsa gaban kasuwar Sabon Gari. Gada ce ta gani ta faɗa, Baffa ma sai da ya leƙa kai yace ikon Allah. A sama motoci na wucewa fiu, mu kuma a ƙasa muna tafiyar hawainiya tsakanin masu tebur da masu baro da masu kurkura. Nan na fahimci abu ɗaya, gadar ta wanda zai wuce ce, mu kuwa da kasuwar muka zo dole ƙasa zamu bi.

Abin da ya fi taɓa ni a duk tafiyar nan shi ne tsallaka titi da Baffa. An sauke mu a ɗaya hannun, Kwari na kallonmu a ɗaya hannun, tsakani kuma titi biyu da wani dogon kankare a tsakiya. Na riƙe hannunsa na hagu, sanda na dama, muka tsaya muna jiran a samu sarari, babu danja babu alamar tsallakawa babu wanda ya rage gudu. Hannunsa naji yana ɗan rawa cikin nawa, mutumin da a gida shi ke raba faɗan manoma da makiyaya, in yayi magana kowa ya nutsu. Muka samu muka kai tsakiya, sai ga kankaren nan ya kai masa gwiwa, ya ɗaga ƙafa ta ƙi. Wani ɗan dako ne da gammonsa a kafaɗa ya ajiye abin da yake yi ya zo yace, "Baba kawo hannun," ya tallafe shi ta ɗaya gefen muka ɗaga shi tare, sannan ya shiga gaban motoci ya ɗaga hannu har muka haye. Baffa yayi ta sa masa albarka. Da muka samu inuwa ya tsaya yana maida numfashi yace min a hankali, "Ɗan nan, garin nan ya daina sanin tsoho." Ban iya ce masa komai ba.

Cikin Kwari kuwa sai wanda ya gani. Atamfa da leshi da shadda da yadi tun daga ƙasa har rufi, layuka a matse, ƴan dako ɗauke da dila a ka suna hanya hanya, a gafara, kana jin Hausar Damagaram da Larabcin Chadi da Fulatancin Kamaru a layi ɗaya. Mun sayi turamen da aka lissafa mana a takarda, mai shagon ya bamu benci da ruwa, da ya ji daga Jigawa muke sai hira ta ɓarke. Yace ai rabin cinikinsa baƙi ne irinmu, wanda zai zo da safe ya juya da yamma, kuma babban abin da ke korar masa kwastoma ba tsada ba ce, wahalar shigowa ce da ta fita da kaya. Ya nuna min alamar da ruwa ya bari a bango tun ambaliyar damunar 2022 da ta shiga kasuwar ta lalata dukiya mai yawa, yace ruwa ai baya manta hanyarsa, in ka gina a kanta zai zo ya tambaya. Haka ne kuwa, kududdufan da ke cikin birni da ake ta cikewa ana gini a kai, da can su ne ke shanye ruwan sama kafin ya gangara Jakara.

Bayan azahar Baffa yace shi fa tunda ya shigo sai ya leƙa Kurmi ya sayi turare da kanumfari, muka bi ta Ƙofar Mata muka wuce marinar nan mai tsohon tarihi. A nan ne malamin da ke cikina ya motsa. Ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, wajen shekara 900 kenan, aka zo aka faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa wanda yayi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuma ya kafa kasuwar Kurmi. Abin da ke burge ni da mutanen nan, da suka zagaye garin basu zagaye iya gidajen da ke akwai ba, sun haɗa da fili fetal da gonaki a ciki, saboda in yaƙi ya zo mutanen karkara su shigo da dabbobinsu a samu abin ci, in gari ya ƙaru kuma a samu inda za a zauna. Wato sun yi lissafin jikokin da basu gani ba, kuma sun yi lissafin mu na ƙauye. Kowace ƙofa da hanyar da take kallo da irin fataken da ke shigowa ta cikinta. Yau ganuwar a wurare da yawa ta zama tudun ƙasa, wani wurin ma an cinye ta da gini.

Ko a zamanin nan ma ai an taɓa zama an yi wa Kano tsari na dogon zango. Akwai wanda wani Bature mai suna Trevallion ya jagoranta, na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983. Wa'adinsa ya ƙare yau fiye da shekara 40, garin kuma ya ninka kansa ya sake ninkawa. Abin da muka fi gani tun daga lokacin shi ne kowace gwamnati da aikin da take so a tuna ta da shi, Kwankwaso yayi gadar Ƙofar Nasarawa, Ganduje yayi ta Dangi da ta Hotoro, Abba ya ɗauko ta Ɗan Agundi da Tal'udu. Ban raina ko ɗaya ba, duk wanda ya san yadda Dangi take da zai gode Allah. Amma gada tana warware ƙulli ɗaya ne ta tura shi shataletale na gaba, kuma tsarin gari ba abin shekara huɗu ko takwas ba ne, abu ne da ya kamata a ce gwamna ya zo ya tarar da shi ya ɗora ya tafi ya bari, ko jar hula ce a kansa ko ba ita ba.

Ni a ganina, kuma na faɗa ne a matsayin wanda ke shigowa daga waje, duk wanda zai zauna tsara tsakiyar Kano na shekara 20 ko 30 masu zuwa to ya fara ƙirga mu. Cunkoson Bata, can bakin kasuwar Sabon Gari, ba a Bata yake farawa ba, a tashar Ringim yake farawa da ta Gaya da ta Ɗambatta da ta Gwarzo tun da asuba. Manyan hanyoyin da ke shigowa garin sanannu ne, ta Zariya, ta Maiduguri, ta Haɗeja, ta Katsina, ta Gwarzo. Me zai hana kowacce a samu manyan bas masu layinsu na kansu da babu mai shiga, kamar yadda Legas ta fara tun 2008, su ɗauko mutum daga Yankaba su dire shi bakin Kwari a kuɗi ɗaya sananne? Bas ɗaya zata ɗauke abin da adaidaita goma sha ke ɗauka. Kuma ba cewa nayi a kori ƴan sahu ba, Allah ya kiyaye, gidaje nawa ke ci daga wannan sana'ar, an ga abin da ya biyo bayan hana acaɓa. A basu cikin unguwanni da lunguna su riƙa kawo mutane bakin babban titi, su ma sun huta da ƙona mai a tsaye. Sannan tashar da za a sauke baƙo ta zama tasha, da rumfa da benci da banɗaki da famfo, ko don irin matar can da aka zaunar a rana.

Maganar jirgi kuma, tun zamanin Ganduje ake ta batun jirgin cikin gari, muna ji a rediyo. Ga na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina, da reshe zuwa Dutse, ga na Kaduna zuwa Kano. Duk alheri ne. Tambayata ita ce in jirgin ya sauke mutum dubu a lokaci ɗaya, da me zasu shiga gari, adaidaita 250? Sannan ga tsohon dogon Baffa nan kwance, hanya ce a shimfiɗe tun daga Nguru har tsakiyar birni wadda ba sai an rushe gidan kowa ba, in dai ba a bari an cinye gefenta da shaguna ba. Da za a gyara shi ko daga Ringim ne zuwa Kano, safe da yamma, da buhunan riɗin nan da kajin dattijuwar nan da ni da Baffa duk bamu hau titin Haɗeja ba. Haka manyan kaya, tunda an buɗe tashar tsandauri ta Dala, wato ta sauke kwantena, a Zawaciki a 2023, an kuma maida ƴan magani Dangwauro, ai an nuna ana iya fitar da wani nauyin bakin gari, saura a haɗa wuraren da abin hawa mai sauƙi don kar a raba ɗan kasuwa da masu sayensa.

La'asar sakaliya muka kamo hanyar gida, kayanmu a ɗaure cikin buhu biyu, ɗan dako ya kai mana bakin titi, wannan karon sai da na zagaya da Baffa nesa har inda kankaren ya yanke sannan muka tsallaka. A Yankaba muka jira mota ta cika har aka kira magariba. Baffa yayi shiru yawancin hanya, na ɗauka barci yake.

Da muka sauka a mararrabarmu ana ta haska fitilun masu shayi da masu tsire, sai naga abin da kullum nake wucewa ban taɓa lura ba. Teburan sun hau kan kwalta, masu mashin sun tare rabin hanya, sabbin shaguna uku an gina su daidai inda ruwa ke bi ya gangara fadama. A kan mashin muna shiga gari Baffa ya sa aka tsaya wajen burtali, ya haska da tocilan, ga turakun siminti sababbi fil an kafa a cikinsa, wani ya fara yanka. Ya daɗe yana kallo. Sannan yace, "Gobe in ka taso daga makaranta ka zo da takarda da abin zanenka, zamu je wajen dagaci. A fitar da burtalin nan da filin makaranta da hanyar ruwa a rubuce, tun ina da rai." Nace to Baffa, Allah ya kaimu. Muka ƙarasa gida ana kiran isha, yara suka rugo suka karɓi buhunan.